Rabin Hanyar Kebbe

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa tana nan da ƙarfinta, ina koyar da aji uku a makarantar firamare a Tambuwal. Ban yi aure ba tukuna. Abin da na mallaka a duniya keke ne, da akwatin ƙarfe cike da ƙananan littattafan soyayya, irin waɗanda wani ɗan kasuwa ke shimfiɗawa a kan buhu a tasha. Na karanta su har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. A cikinsu samari suna aiki a ofis mai fanka, suna yawo da yamma a ƙarƙashin fitilun titi, 'yan mata suna aiko musu da wasiƙu masu ƙanshin turare. Ni kuwa alli ne ke busar mini da yatsu, kuma wasiƙar da nake samu ba ta wuce ta hedimasta.

Ana nan sai wata takarda ta zagaya makarantu da ofisoshin En'e. Wani ofis a Kaduna ya kawo injin lissafi mai girman ɗaki, abin da jikokina ke kira kwamfuta yanzu suna sa shi a aljihu, kuma ana neman 'yan Arewa da za a koya wa rubuta masa umarni. Ban san ko mene ne aikin ba, amma na ga kalmar Kaduna, zuciyata ta riga ni hawa mota. Muka je Sakkwato muka yi jarrabawar rubutu. Daga gefenmu mu uku muka tsallake: ni, da wani akawu a ofishin gona, da abokina. Mutum ɗaya za a ɗauka.

Abokin nan nawa Bafulatani ne, daga wata ruga kusa da Fakku. Tare muka yi midil, gadonsa yana kusa da nawa. Dogo ne siriri, mai fararen idanu, yana tafiya kamar ba ya son ya dami ƙasa. Tun ranar da muka haɗu yake kirana Kaɗo, ni kuma ina kiransa ɗan Fulani, har malamai suka daina gyara mana. Mahaifinsa garso ne, wato wanda ke yin gaba ya dubo ciyawa da ruwa da mashigi kafin ruga ta tashi da shanu. Amma cutar bushiya ta shiga garkensu muna aji biyu, ta bar tsohon da sanda kawai. Saboda haka abokina ba shi da saniyar da zai koma wa. Bayan mun gama makaranta ya samu aikin wucin gadi a Kebbe, yana cikin masu yi wa shanu allura, aka ba shi ɗaki ɗaya a bayan ma'ajiyar magani.

A shekarar da nake ba da labari aikin allurar ya zo ƙarshe. An gaya musu da ruwa ya zauna kowa ya mayar da makulli. Matarsa kuma tana Tambuwal a gidan mahaifinta, ta yi haihuwar fari tana wanka. Kwana arba'in sun kusa cika, ya kamata ya zo ya ɗauke ta, ga shi ɗakin da zai kai ta saura 'yan makonni ya fita daga hannunsa. Ni Kaduna mafarki ce gare ni. Shi rufin da zai sa mace da jariri a ƙarƙashinsa yake nema.

Surukinsa dattijo ne sananne a garin, tsohon magatakarda, shi ma Bafulatani amma na gida, mai farin gemu da ƙarancin magana. Na san yadda ake kunyar suruki a ƙasarmu, amma ta abokina ta fi ta kowa. In ya hango tsohon a hanya zai sauka daga keke ya shige wani lungu. In ba lungu, ya tuɓe takalmi ya tsuguna har sai ya wuce. Shekara biyu da auren, in ka cire gaisuwa, ba na jin sun yi musayar kalma goma. Ko sunan unguwarsu ba ya so ya faɗa a gabana.

Da yake mai ganawa da mu yana kan hanyarsa ta zuwa Yawuri, aka ce mu jira shi a Tambuwal, a ajina ma, ranar Asabar. Abokina ya zo tun Juma'a ya sauka wurina. Da safe na sa farar rigata wadda na kwana biyu ina yi mata guga, na shafa mai, na tsaya ina duba kaina a ɗan madubin da ke jikin murfin akwati.

“Kaɗo,” ya ce, yana dama fura, “aiki za ka nema ko mata?”

“Duka biyu. Kaduna ba a shiga da warin nagge.”

“Warin nagge ya fi na wanga man naka. Ƙudaje sun ka biyo ka tun daga zaure.”

“Kai dai sha furarka. In na zama babban mutum ina aiko maka da hoto.”

“Aiko da biyu, in liƙa ɗaya a gona, tsuntsaye su huta da gero.”

Haka muka tafi muna wannan, amma na lura furar bai sha ko rabi ba.

Bazara ce, zafi tun hantsi, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Mai ganawar ya iso a wata ƙaramar mota. Bazazzage ne, gajere, bai fi mu da shekara goma ba, yana Hausa irin ta rediyo, hannun rigarsa a naɗe. A wancan zamani ba a yin irin wannan zama sai da dattijon gari a wurin, don ya shaida cewa 'ya'yan mutane ne kuma ba a yi son kai ba. Wanda aka shirya zai zo ya tafi ta'aziyya Jabo, hakimi ya aiko da wani a madadinsa. Muna zaune a kan bencin yara, gwiwoyinmu sun kusa taɓa haɓa, sai muka ji sallama. Surukin abokina ne ya shigo, da carbi a hannu.

Na ji bencin ya motsa. Abokina ya zame ya tsuguna, ya gaida shi da kai a ƙasa, tsohon ya amsa yana duban allo. Aka ajiye masa kujerata kusa da taga. Bazazzagen bai ga komai a ciki ba, ya ɗauka ladabi ne irin na mutanen Sakkwato.

Ya raba mana takardu, ya ce tambaya ɗaya ce, kuma mu amsa da Hausa ko da Turanci, duk ɗaya ne wurinsa. Ya rubuta ta a allo: mu rubuta umarni, mataki bayan mataki, wanda zai kai baƙon da bai taɓa zuwa ƙasar nan ba daga ƙofar makarantar nan zuwa kasuwar Kebbe, ta hanya mafi kyau. Ya cire agogonsa ya ajiye a tebur.

“Awa ɗaya. Baba ne ya san baƙon da tafiyar tasa, na bar masa wannan. Wanda ke da tambaya ya yi masa.”

Na kusa yin dariya. Na kwana bakwai ina haddace lissafi, ga shi ana tambayata hanyar Kebbe, wadda na bi da keke ya fi sau goma. Akawun ofishin gona ya riga ya fara rubutu. Sai na ji gwiwar abokina ta taɓa tawa.

“Kaɗo,” ya ce a hankali, leɓensa ko motsi ba ya yi, “tambaya mani. Rani na ko damana? Da ƙasa shika tafiya ko bisa dabba?”

“Hanya hanya ta, ɗan Fulani. Rubuta abinka.”

“Don Allah.”

Na yi kamar ban ji ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban ga amfanin tambayar ba ne, kuma gaskiya ne ban gani ba. Amma akwai wani abu kuma. Na san ya fi ni kai tun muna midil, na san ba zai iya buɗe baki a gaban tsohon nan ba, kuma a wannan safiya ban ji zafin hakan ba. Ya dube ni sau ɗaya da fararen idanun nan nasa, ba fushi a ciki, ya sunkuya ya fara ja wa takardarsa layuka.

Ni kuwa na saki alƙalami. Na fitar da baƙona da sanyin safiya, na bi da shi ta cikin gonaki, na nuna masa kukoki da 'yan mata masu tallan nono, na shayar da shi a rijiya, na ratsa da shi gulbi, na shigar da shi Kebbe rana tana ja. Shafi biyu cur. Da na karanta sai na ji ƙwalla ta taru mini don daɗi. Akawu ya gama tun cikin minti biyar yana fifita da takardarsa. Abokina bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana karewa da hannun hagu kada ya ɓata rubutun. Da aka ce lokaci ya cika yana tsakiyar layi, ya ajiye alƙalamin nan take.

Na zaci Bazazzagen zai kwashe takardun ya tafi. Sai ya ce mu ture bencuna gefe. Ya ɗauki alli ya zana murabba'i a daɓe wajen ƙofa, ya ce Tambuwal ke nan. Ya zana da'ira a ƙarshen aji, ya ce Kebbe. A tsakani ya ja wani layi mai lanƙwasa, gulbi. Sannan ya tsaya cikin murabba'in ya haɗa ƙafafunsa.

“Daga yanzu ni ne injin. Ba ni da hankali ko na sisi. Abin da takarda ta ce, shi zan yi, ba ƙari ba ragi. In ta ce in duba wani abu, zan tambayi Baba, abin da ya faɗa shi ne duniya. Baba, wane ne baƙon namu, kuma wane lokaci ne?”

Tsohon ya ja carbi ɗaya, biyu, yana kallon waje.

“Tsakiyar damana ta, gero ya fara fidda kai. Mai tafiyar mace ta, da jinjiri goye, bisa jaki.”

Duk wanda ke ɗakin ya san wace mace ce wannan, ban da Bazazzagen. Na saci kallon abokina. Kansa ya ƙara yin ƙasa.

Aka fara da takardar akawu. Layi uku ce.

“Je tasha.” Ya yi taku biyu. “Hau motar Kebbe. Baba, akwai mota?”

“Da damana? Sai kaka, in Allah ya kai mu.”

Bazazzagen ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar mai shirin hawa, ya tsaya a haka.

“To ina nan har kaka. Inji ba ya gajiya, amma ban san jaririn ba.”

“Ranka ya daɗe, ai ba a ce damana ta ba,” in ji akawu.

“Ba a ce rani ba ne kuma. Ka tambaya?”

Aka zo kan tawa. Ya karanta ta da wata irin murya shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba sauka, wadda ta sa kowace kalma mai daɗi ta fito tsirara. Inda na ce matafiyi ya bar zuciyarsa ta saurari kukan kurciya, ya tsaya ya shafa ƙirjinsa, ya ce bai samu zuciya ba, ko zai iya wucewa? Akawu ya fashe da dariya, ya manta tasa ƙafar tana tasha. Haka ya bi da ni har bakin layin alli.

“In ka iso gulbi, ka naɗe wandonka ka ratsa, ruwan iyakarsa idon sawu, yashin ƙasansa fari kamar garin shinkafa.” Ya tsallaka layin da ƙafa ɗaya. “Baba, ina ruwan ya kawo mini?”

“Inda turbar keke ta ratsa? Raƙumi ma sai dai a ga kai.”

Bazazzagen ya zauna daɓas a ƙasa da wandonsa mai tsabta.

“Ni da jaki da jariri mun tafi. Allah ya ji ƙanmu. Amma yashin fari ne, na gani da idona.”

Sai a lokacin na tuna ban taɓa zuwa Kebbe ba sai a hutun rani. Ban yi dariya ba, tsohon ma bai yi ba.

Ya tashi ya kaɗe wandonsa, ya koma cikin murabba'i, ya ɗauki takardar abokina. Na hango ta a hannunsa: ƙananan rubutu, gaba da baya, kowane layi da lambarsa, babu kalma ɗaya ta ado.

“Ɗaya. Kafin ka fita, tambaya ko an yi ruwa cikin kwana ukun nan. In an yi, je layi na tara. In ba a yi ba, ci gaba.” Ya sake karanta layin a zuci, ya dubi abokina, sannan ya juya. “Baba, an yi ruwa?”

“Shekaranjiya an kwana ana yi.”

Ya bi da yatsa har layi na tara. “Kana da shanu? In kana da su, bi burtali, je layi na ashirin. In babu, ci gaba. Baba?”

“Babu.”

“A kan me kake? In keke ne, bar shi a gida. In jaki ne, sa masa takunkumi, don za ka bi ta gefen gonakin mutane. Kada ka bi turbar fadama, jaki ba ya son laka. Bi ta tudu, ka bar kukoki biyu a hannun dama.”

Muryarsa ta daina zama ta inji ba tare da ya sani ba. Ya riƙa takawa yana karantawa, takarda tana tambaya, tsohon yana amsawa. Akwai goyo? To kada a wuce tsamiyar da ke bakin rijiya sai an sauka an shayar da shi, don daga nan babu inuwa sai gulbi. Hadari ya haɗu a gabas? In ya haɗu, a tsaya a ƙauyen farko, a nemi gidan mai gari. Ni ina tsaye jikin bango ina kallonsu. Mutum biyun nan da ba su taɓa zama sun yi hira ba, ga su suna magana tiryan-tiryan a kan yadda za a kai mace ɗaya gida lafiya, ɗaya ta bakin takarda, ɗaya yana kallon taga. Na ga carbin tsohon ya tsaya a hannunsa.

Daga baya abokina ya gaya mini ba wata dabara ya ƙirƙiro ba. Haka mahaifinsa ke ba da saƙo in ya yi gaba ya bar ruga a baya. Garso ba ya cewa ku bi hanya kaza, don bai san abin da za su tarar ba bayan kwana biyar. Cewa yake in kun ga kaza ku yi kaza, in ba ku gani ba ku yi kaza. Da aka hana shi sanin ko wane ne baƙon, sai ya rubuta wa kowane baƙo.

Bazazzagen ya iso bakin layin alli, amma ba inda na nutsar da shi ba, can sama, mashigin da Fulani ke bi.

“A bakin mashigi akwai ƙirya. Dubi saiwarta da ta fito waje. In ruwa ya rufe ta, kada ka shiga, kira masu fito. In ba su nan, koma garin da ka baro ka kwana. In ka ga abin da ban rubuta ba, tsaya inda kake. Baba, ruwa ya rufe saiwar?”

“Bai rufe ba. Saura kamar taƙi ɗaya.”

“In ruwa bai rufe ta ba, to…” Ya juya takardar, ya sake juyawa. “To me? Nan ta ƙare.”

Wani jaki ya yi kuka a bayan makaranta, akawu ya danne dariya.

Bazazzagen ya zauna a gefen tebur, takardar a cinyarsa.

“Na yi wannan tambayar a garuruwa da yawa,” ya ce, “ban ga wanda ya rubuta irin wannan ba. Yadda muke rubuta wa injin ke nan, har lambobin. Amma dubi nan. Mai shanu, mai keke, mai raƙumi, mai tafiya da rani, duk ka yi musu hanya, ba kuwa wanda ya zo a cikinsu. Wadda ta zo ka bar ta a bakin ruwa. Ka san tambayoyin, tun da ga su ka rubuta. Da ka yi biyu daga ciki da farko, da ka kai ta Kebbe tun rabin lokaci. Me ya hana ka?”

Abokina yana tsugune, yana kallon yatsun ƙafarsa.

“Malam, da kai nake.”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. “Ranka ya daɗe, surukinsa ne.”

Bazazzagen ya dubi tsohon, ya dubi abokina, ya dafe goshi. Ya ce wa tsohon ya yi haƙuri, bai sani ba. Tsohon ya ɗaga hannu kaɗan, alamar ba komai. Na ɗauka shi ke nan an wuce wurin. Amma mutumin nan gajere yana da taurin kai.

“Na fahimta, ni ma ina da surukai. Sai dai ka ji yadda aikin yake. Masu kawo mana aiki manya ne, wasu sun haife mu, wasu in sun shigo kowa miƙewa yake. Kuma ba wanda ke faɗin abin da yake so duka. Rabi suke faɗa, sauran rabin yana cikin kansu, sun ɗauka kowa ya sani. Wanda ba zai iya tsayar da babba ya ce ranka ya daɗe me kake nufi ba, zai yi wata uku yana rubuta abin da ba a sa shi ba. Ba zan kai irin wannan Kaduna ba, komai kyan kansa. Ga baƙuwarka a bakin ruwa. Tambayi Baba abin da kake bukata, ka ƙarasa da baki.”

Abokina ya juyo wajena. “Kaɗo, ce ma Baba…”

“A'a,” in ji Bazazzagen. “Ba za ka tafi ofis da abokinka a aljihu ba. Da bakinka.”

Na dubi tsohon ina roƙonsa a zuci ya taimaka, ya yi tari, ya ce an yafe, ya ce wani abu. Ko gezau. Ya ci gaba da kallon taga kamar an ajiye shi ne don ya ƙirga ganyen dalbejiya. A lokacin na ji haushinsa. Yanzu da na aurar da 'ya'ya mata, ina jin na san abin da yake jira.

Abokina ya buɗe baki ya rufe. Ya share tafin hannunsa a gwiwa. Sannan ya ja jiki a tsugune, taku biyu, har ya zo daidai ƙafafun tsohon, bai ɗaga kai ba.

“Baba.” Muryar ta fito siririya kamar ba tasa ba. “Ita ɗai ta, ko da mai rakiya?”

Tsohon ya ɗauke idonsa daga taga. Karo na farko a ranar, ya dubi surukinsa, tsakiyar kansa dai, don ita ce kawai ake gani.

“Da mai rakiya. Mijinta na tare da ita.”

Na ga kafaɗun abokina sun sauka.

“To in hakanan na, shi sauke ta bisa tudu. Shi shiga shi ɗai da sanda shi auna. In ruwa ya wuce cinya, shi fito, su jira. In bai wuce ba, shi fara ƙetarewa da jakin shi ɗaure, shi dawo. Ta kwance goyon ta maida shi bisa kafaɗa. Shi tsaya ta gefen da ruwa ka tahowa shi tare mata ƙarfinshi, ta riƙa sandar, su tafi sannu, ba ta duban ruwa, ƙiryar ƙetare za ta duba. In sun fita, hanya ɗaya ta, tudu na har kasuwa.”

Bazazzagen ya miƙe, ya taka layin allin a hankali, a karkace, kamar da gaske akwai wanda yake tare wa ruwa, ya je ya tsaya cikin da'ira.

Tsohon ya tashi ya gyara rigarsa. “Malam, an gama da ni? Azahar ta gabato.” Ya kai bakin ƙofa yana neman takalminsa da ƙafa, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, ba kuma wanda zai ce ga wanda yake yi wa magana, “Jakin nan tsoho na. A bi shi sannu.”

Bazazzagen bai faɗa mana sakamako ba. Ya ce za mu ji ta wasiƙa, ya tattara takardunsa, ya ba kowannenmu hannu. Da ya zo kaina ya ce rubutuna yana da daɗi, in riƙe shi, amma kada in ba matafiyi. Motarsa ta tashi, akawu ya hau kekensa yana gunaguni cewa tambayar ba ta da kai.

Na koma aji na tarar da abokina yana nan inda yake.

“Tashi mana, sun tafi.”

“Kaɗo, kama ni. Ƙafafuna sun ƙi.”

Na ɗaga shi, rigarsa sharkaf. Na ce masa ya yafe mini abin da na yi da safe. Ya ce wane abu? Na ce tambayar da na ƙi yi masa. Ya ce ai da na yi, da ban nutse ba, da kuwa ya rasa abin da zai riƙa ba jikokinsa labari. Sannan ya dafa bango ya ce, “Ni yanzu da wane ido nika shiga gidan nan? Na yi ma Baba tambaya kamar wani alƙali.” Aikin ko ambatonsa bai yi ba. Har muka isa gida wannan yake maimaitawa.

Wasiƙar ta zo bayan mako uku, ta hannun hedimastanmu, don abokina ba shi da adireshi. Ruwa ya riga ya sauka, ya mayar da makullin ɗakin Kebbe, kayansa suna jibge a ɗakina, tabarma da fitila da akwati ɗaya. Matarsa ta yi arba'in har ta ɗora kwana goma, ba wanda ya ce mata komai a gidan, shi ma ba a aiko masa ba. Na kawo masa ambulan ɗin ban buɗe ba, ko da yake na ɗaga shi a rana. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya ce, “Alhamdu lillahi,” ya fita ya yi alwala. Ni ne na yi ta tsalle a tsakar gida kamar ni aka ɗauka, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko an ba ni mata ne.

Ya tafi shi kaɗai da farko. Bayan wata biyu ya zo ya ɗauke su. Na raka su tasha, na riƙe jaririn har suka gama hawa, matar tana rufe da mayafi tana dariya ƙasa-ƙasa don yaron ya jiƙa mini farar rigata. Na tsaya har motar ta sha kwana. Na yi kewar Kaduna kwana biyu ko uku, ba zan ɓoye ba, sannan na koma wa allina, kuma a cikinsa na tsufa.

Wasiƙarsa ta farko gajera ce, ba gaisuwa mai tsawo, kamar yadda yake magana. Ya ce injin yana da ƙara kuma ɗakin da aka ajiye shi sanyi kamar randa. Ya ce sun samu ɗaki da baranda a wani gidan haya, akwai famfo a tsakar gida, rufin kwano ne ba ya yoyo, yaron ya fara zama. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: akwai wurin shimfiɗa tabarma a barandar, in Kaɗo ya ga dama ya zo hutu.